Gurbi Na Huɗu

Litinin, 4 ga Maris

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyunki. Yaya aiki, yaya gajiya? Yaya mahaifiyarki da ciwon gwiwarta? Kakata da kakarta ciki ɗaya suka fito, amma rabona da jin muryarta har na manta. Ba don an sa miki sunan mahaifiyata ba, da tuni zumuncin nan ya tsinke.

Mu nan sai godiya. Uwargida jininta ya sauka, likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta huce a kanmu. Babban yaro an yi masa canjin wurin aiki. Ni ma ƙalau, sai dai idanu. Na hagu ya rufe tun bara, na daman kuma an ce jijiyarsa ce ke mutuwa a hankali, ina ganin duniya kamar ta cikin bututun ruwa. A ofis babu wanda ya sani, a dangi ma daga Uwargida sai ke yanzu. Rufin ɗakin girkin nan da ke yoyo mun samu mun gyara shi.

Bayan haka, wata 'yar matsala ce ta sa na ɗauko rubutu. Kin tuna shekara shida da suka wuce, da kika zauna wurinmu wata uku kina koyon aiki? Kika gan ni ina buga bayanin kowane sashe na kod ɗin kwamfuta da hannu, kika ce har yanzu ina zamanin tafireta. Kika saka mini guntun rubutu a cikin edita, wato manhajar da nake rubuta kod ɗin: in buga b-y-n, in danna maɓallin Tab, sai ƙwarangwal ɗin bayanin ya fito da kansa a saman sashen. Gurbi uku ne, abin da sashen ke yi, abin da yake karɓa, da abin da yake mayarwa. In cike ɗaya, in danna Tab, ya tsallaka da ni na gaba. Daga baya wata manhaja ta tattara su ta haɗa littafin bayanin da muke ba masu sayen kayanmu, wato masu ma'aunin manyan motoci. Shekara shida yatsuna na yin wannan ba tare da sun nemi izinin ido ba.

To, an kawo mana sabon shugaban sashe. Ba mugu ba ne, amma ya zo da salonsa. Yanzu kowane bayani sai ya fara da kanu na layi ɗaya, sauran su biyo a jere, kowanne da alamarsa a gaba. Ya kuma ajiye wata manhajar bincike kamar maigadi: aikin da bai bi salon ba, ta buga masa jan tambari ta dawo da shi. An dawo mini da nawa sau ɗaya. Ya ce wanda aka dawo wa da aiki sau uku, za a zauna a duba ko kujerar ta dace da shi.

Shekara biyu suka rage mini in ajiye aiki da ƙafata. So nake in cika su a kan teburina, a kusurwar da na juya kwamfutata tana kallon bango na ce hasken taga ne ke damuna. Na buɗe fayil ɗin guntun don in gyara da kaina, na tarar waƙafi da ƙananan alamomi sun cika shi kamar tururuwa. Saboda abin da na faɗa miki a sama, ba zan iya ba. Na haɗo miki shi tare da takardar sabon salon.

Ki gaida kowa da kowa.
Kawunki

*

Talata, 26 ga Maris

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ka yafe mini jinkiri. 'Yan biyu suka kwanta da tari a tare, ga mu da aikin da ake son mu miƙa ƙarshen wata. Takardarka ma a layin mota na karanta ta a waya, jaka a kafaɗa. Na ji daɗi kowa lafiya, a gaida Hajiya da kyau.

Kawu, wannan ai aikin minti biyar ne! Kai da ka koya mini yadda ake bin kod layi-layi har a kamo kuskure? Buɗe fayil ɗin, ka nemi inda aka rubuta b-y-n. A ƙasansa akwai layuka uku. Ka ƙara na huɗu don kanun, ka sa alamomin da shugaban naku ke so a gaban sauran, ka tabbata kowane layi ya ƙare da waƙafi ban da na ƙarshe. Shi ke nan fa.

Da gangan na ƙi yi maka. In na yi, gobe ya sake canza salo sai ka zauna kana jiran wasiƙata sati uku. A matsayina na uwarka ina da ikon tambaya: ko dai ƙiwar tsufa ce ta fara kama mini ɗa? Zancen kujera kuwa kada ya hana ka barci. Shekara ashirin da biyu kana wurin, wa zai taɓa ka a kan kanu?

Ina sauri, ana jirana a taro.
Uwarka

*

Laraba, 3 ga Afrilu

Uwata,

Sallama da fatan alheri. Allah ya ba 'yan biyu lafiya, ya raya su. Uwargida na amsa gaisuwarki. Ni dai ina nan, maganin ɗigawar da aka canza mini zafi yake yi, amfaninsa kuma ban gani ba, in ma akwai.

Bayan haka, na karanta inda kika ce kin ji daɗi kowa lafiya har sau uku. Na ce a raina ƙila kara kike yi mini, ba kya son ki taɓa inda ke ciwo. In haka ne na gode. Zancen ƙiwa kuma na ɗauke shi wasan uwa da ɗa, ko da yake ya ɗan zauna mini a wuya.

Na bi abin da kika ce. Ranar Asabar na shiga ofis babu kowa sai mai shara, na zauna tun hantsi har la'asar a kan aikin minti biyar ɗinki. Na ƙara wa haruffa girma har layi huɗu kaɗai ke shiga allon, duk da haka waƙafi da aya iri ɗaya suke a wurina. Na ajiye na tafi gida ina jin na yi abin kirki. Litinin na buga b-y-n na danna Tab, shiru. Na sake, shiru. Wani waƙafi ya ɓace a wani wuri, fayil ɗin gaba ɗaya ya mutu.

Mai teburin da ke kusa da ni zai iya gano shi kafin shayinsa ya huce. Amma in na kira shi sai ya zagayo bayana, in ya zagayo kuwa zai ga girman haruffan da nake aiki da su, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Sai na buga bayanan ranar da hannu, ina ƙirga alamomi da ka. Jiya aka dawo mini da su da jan tambari. Sau biyu ke nan.

Shugaban ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Baba, ko salon ne bai kwanta maka ba? Faɗa mini, kada ka yi mini yajin aiki a ɓoye." Na ce masa a'a, hannu ne bai saba ba tukuna. Na kira ki sau biyu a waya ba ki ɗauka ba, kuma ko kin ɗauka, waƙafi ba ya gyaruwa ta baki. Na gaji, Uwata. Ba koyarwa nake roƙo ba, ki yi mini shi kawai.

Kawunki

*

Alhamis, 4 ga Afrilu

Kawu,

Barka da aiki, ina fata kun tashi lafiya. Haba, ai ban san abin ya kai haka ba. Ga fayil nan na gyara, ka goge tsohon ka sa wannan a madadinsa. Na gwada shi da takardar salon da ka aiko, babu manhajar da za ta ce masa uffan.

Na ɗan sauya yadda yake tsalle don ya fi daɗin aiki, irin yadda nake yi a nawa. Ba ni da lokacin dogon rubutu, sai na ɗauki hoton allona na zana maka jajayen kibiyoyi, komai yana ciki. Na kuma bar maka ɗan saƙo a cikin guntun don ka yi dariya, na ga kwanan nan fuskarka a ɗaure take ko a takarda.

Uwarka

*

Litinin, 15 ga Afrilu

Uwata,

Gaisuwa mai yawa, Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya, ido dai yana nan yadda kika sani.

Bayan haka, guntu ya yi aiki. Kwana goma ke nan koren tambari kawai nake samu. Yatsuna sun koma hanyarsu, Tab uku in wuce. Shugaban har ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga Baba ya waye." Ya kuma ba ni dukan tsofaffin sassan ma'aunin in mayar da bayanansu sabon salo kafin a fitar da littafin bana. Aiki ne mai yawa, amma irin wanda na iya. Saƙon da kika ce ban ci karo da shi ba tukuna.

Kawunki

*

Jumma'a, 24 ga Mayu

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Yau ba ni da ƙarfin jero gaisuwa, ki isar da ita ga kowa.

Bayan haka, na ci karo da saƙonki. Ni da duk wanda ya sayi kayanmu.

Littafin ya fita ranar Litinin. Laraba wani mai tashar awo ya bugo waya yana dariya har da tari, yana tambaya wace uwa ce ta rubuta mana littafi. Shugaban ya tara mu a ɗakin taro, ya haska shafin a bango, ya karanta da ƙarfi: "Ɗana, rubuta kanu a nan, ban da ƙiwa." Ya gangara sashe na gaba, shi ne dai. Na gaba, shi ne. Kanu ɗari da arba'in da uku, dukansu nawa. Ina zaune ina kallon bangon, ni fari kawai nake gani, da kunne na san abin da na aikata.

Sai jiya na gane yadda aka yi. Gurbin kanun kin mayar da shi na huɗu, sai an gama ukun nan Tab ya koma da mutum sama. Ni kuwa uku na sani. In na cike su sai in gangara cikin kod, layin saman yana can wajen allona, kuma da launin toka editan ke nuna shi. Manhajar binciken ba ta san ma'ana ba, ta ga layi ɗaya da aya a ƙarshe ta ba ni kore. Wanda ya kamata ya duba aikina shi ma koren ya duba. Hoton kibiyoyin da kika aiko na buɗe shi tun ranar, da na ƙara masa girma sai ya zama hazo. Kunyar tambaya ta uku ta hana ni magana.

Yanzu a ofis sunana Ɗana. Har mai kawo takardu, in ya wuce sai ya ce, "Ɗana, ban da ƙiwa." Ina taya su dariya, me zan yi?

Shugaban ya kira ni gefe. Ya ce wannan shi ne na uku, amma ba ya son ya zama shi ya raba ni da wurin. In na sa hannu a takardar gargaɗi cewa sakaci na yi, zai tsaya mini, a bar ni a kujerata ana duba aikina. Alhamis mai zuwa za mu zauna da mai kula da ma'aikata. Shekara ashirin da biyu, Uwata. Duk wanda ya shigo sabo, bayanaina ake ba shi a ce ya koyi yadda ake yi. Ban taɓa barin gurbi ba tare da na san abin da ke cikinsa ba. Amma in na ce ba sakaci ba ne, tambaya ta gaba ita ce ta yaya mutum zai wuce layi ɗaya sau ɗari da arba'in da uku bai gan shi ba.

Ba laifi nake ɗora miki ba. Ina dai son wani ya sani.

Kawunki

*

Jumma'a, 31 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya. Yaya idonka? Yau da gaske nake tambaya.

Takardarka ta kwana bakwai ban buɗe ba, an tura mu wani reshe horo, na ce in na dawo na karanta a natse. Da na karanta yau da safe, haushi na fara ji, ba zan ɓoye maka ba. Na zauna na rubuta maka doguwar amsa, cewa na aiko hoto, na ce ka duba, mutum ba ya sa guntu a aiki bai kalle shi ba. Sai na ce bari in ɗauko wasiƙarka ta farko in kafa hujja da ita. A can na ga inda ka ce "saboda abin da na faɗa miki a sama". Na hau sama.

Kawu, ban karanta ba. Wallahi ban karanta ba. Ba kara na yi maka ba, ba ni da wannan kirkin. Ni duk wasiƙar manya, idona "Bayan haka" yake nema, daga nan nake farawa, don na ɗauka abin da ke sama lafiya lau ne da gaisuwa. Ka sa mini maganar tsakanin canjin aikin yaya da rufin ɗakin girki, na tsallake ta. Na koma ta biyu, ga maganin ɗigawa. A tsakiyarta ma ka ce waƙafi da aya iri ɗaya suke a wurinka, na ɗauka ƙorafin tabarau ne. Mutumin da ke gani ta bututu na aika wa hoto da kibiyoyi, na kuma kira shi mai ƙiwa sau ɗari da arba'in da huɗu, har da na wasiƙa. Na shiga banɗakin ofis na yi kuka har wata ta ƙwanƙwasa.

Na san Alhamis jiya ce. Na kira wayarka sau shida tana kashe, Hajiya kuma ba ni da lambarta. Me ya faru? In ba ka sa hannu ba, kada ka sa. Zan rubuta wa shugaban naku da kaina in ce ni na yi. Na sake gina guntun, gurbi a jere daga sama zuwa ƙasa, babu komawa baya, kuma in ka bar ɗaya fanko zai ƙi ajiyewa. Akwai manhajar da ke karanta allo da murya, mutane na aiki da ita shekara da shekaru, ba sai ka ɓoye ba. Zan nemi hutu in zo in saka maka ita. Don Allah ka amsa, ko da layi ɗaya ne.

'Yarka

*

Lahadi, 30 ga Yuni

Uwata,

Wa'alaikumus salam, ko da ba ki yi sallamar ba. Kowa lafiya. Na taƙaita gaisuwar don kada ki wahala.

Wasa nake yi, kada ki sake shiga banɗaki. Ni ma da laifina. Maganar da ta fi komai nauyi na cusa ta inda na san ba a tsayawa, don in ce na faɗa ba tare da an tambaye ni ba. Haka na yi wa kowa shekara biyu. Na yi jinkirin amsa ne don ban san ta inda zan fara ba, wayar kuma na kashe ta saboda masu jaje.

Ranar Alhamis ɗin na yanke shawara tun a gida. Uwargida ta ce in faɗi gaskiya in huta, na ce mata shekara biyu ba yawa, zan iya ɗaukar sunan mai sakaci in dai zan ƙarasa a kujerata. Na sa rigata mai kyau. Muka zauna mu uku a ƙaramin ofis, ni da shugaban da mai kula da ma'aikata. Ta karanta takardar da ƙarfi, na gode wa Allah da ba ta ce ni in karanta ba. Kalmar sakaci ta fito sau uku. Ta tambaya ko na amince, na ce na amince. Ta turo mini takardar da biro ta ce, "Sa hannu a kan layin da ke ƙasa, Baba."

Na laluba ƙasan takardar da ido, na ga wani abu mai kama da layi, na sa hannuna a kai, da kyau, yadda na saba. Na tura mata.

Na ji ta ja numfashi. Ashe layin yana can gefen hagu, inda ba na gani. Ni a kan jimlar ƙarshe ta takardar na sa hannu, na rufe kalmomin da sunana.

Shugaban ya ɗauki takardar ya daɗe yana kallo. Sai ya ce da ita ta ba mu wuri. Da ta fita ya matso da kujerarsa kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, tun yaushe?"

Na ce shekara biyu.

Ya yaga takardar a gabana. Ya ce babu gargaɗi, babu sakaci, kuma duk wanda ya sake kirana da sunan nan zai gamu da shi. Har ya ba ni haƙuri a kan karatun da ya yi a ɗakin taro. Sannan ya ce dole ya sanar da na sama, ni ma na san dole ne. Suka tura ni wurin likitansu. Na ambaci manhajar muryar da kika ce, suka saurara da ladabi, suka ce kayan awo ne, kuskure ɗaya na iya sa a ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta. Ban yi musu ba, na gaji da yawa.

Jumma'ar da ta wuce na kwashe kayana. Kwali ɗaya ne, kofi da darduma da tabarau uku da ba sa aiki. Mai teburin kusa da ni ya riƙe mini shi har bakin titi, bai ce komai ba, karo na farko a tarihinsa.

Ki zo hutun in kin samu, ki taho da 'yan biyu in gan su tun da sauran abin gani. Sabon guntun kuma na gode, amma ban buɗe shi ba. Kwamfutar tasu ce, na bar ta a kan teburin.

Kawunki